Ƙwayar Da Ta Kai Sahabi Sakkwato

Zuwa ga Shugaban Kwamitin 'Yan Kokawa na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ni ne Bawa, ɗan kokawa kuma masunci daga bakin ruwa a ƙasar Ngaski. Na yi ta zarya a ƙofarka a Yelwa ana ce mini ba ka nan, shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a.

Na farko. Bayan girbin gero kun tara mu don a fid da wanda zai wakilci yankinmu a babbar gasa a Sakkwato. Karon ƙarshe ni da Sahabi ne, mai yi maka lodin albasa. A gaban idonka na ka da shi, bayansa ya sha ƙasa. Sai dai kayen bai zo mana da sauƙi ba. Ni na yi targaɗe a idon sawu, shi kuma a wuyan hannu, kafin la'asar duk mun kumbura.

Na biyu. A motarka aka kai mu ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya duba, ya ce babu karaya. Ya ɗauko wata 'yar kwalba, ya ce ƙwaya ce da ake haɗawa da sinadarin abarba da gwanda, ana ba wanda aka yi wa aiki ko ya ji ciwo, ya sha kafin cin abinci don kumburi ya saɓe da wuri. Ya ce ba kowa take yi wa ba, kuma abin da ya rage ba ya isar mutum biyu. Bai rufe baki ba ka ɗauki kwalbar ka miƙa wa Sahabi, ka ce Bawa ɗan ruwa ne, jikinsu ba ya riƙe ciwo. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kai babba ne.

Na uku. Na koma gida a kwale-kwale, ƙafa kamar turmi. Maɗori ya yi nasa, aka gasa da ruwan zafi, aka shafa man shanu. Da Inna ta ji maganin na gwanda ne, sai ta yi ta ɗura mini gwanda har cikina ya ɓaci, ƙafa kuwa tana nan yadda take. Na aika kemis-kemis na Yelwa, aka ce sai Kwantagora ko Sakkwato. Ka yi alkawarin direbanka zai taho da ƙwayar, har yau shiru. Ranar tafiya na zo ina dogara sanda, Sahabi yana ta juya hannu sumul. Ka ce mai sanda ba ya shiga fili, aka sa Sahabi a mota. Wasu na cewa dama ciwonsa bai kai nawa ba. Mai yiwuwa ne. Amma ni da kai ba mu da hanyar sani, tunda ba a gwada a ƙafata ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Sahabi ya dawo da sabon keke da ya ciyo a gasar. Masu bandar kifi da ke yi mini guɗa a bakin kasuwa yanzu shi suke yi wa. Makaɗin da ya yi shekaru yana bina ya koma bayansa, bai ko canza kirarin ba, sunana kawai ya cire ya sa nasa. Ana ta cewa Bawa ƙyashi yake yi. Ban musa ba. Sahabi tare muka taso, ni na koya masa kamun ƙugu, amma yau in na ji ƙararrawar kekensa sai in ji ƙirjina ya yi zafi, in bi wani lungun don kada mu gaisa. Ranka shi daɗe, wannan wutar ba ni na hura ta ba. Ga furfura ta fara leƙo mini, ban san ko gwiwata za ta kai wata gasar ba.

Buƙatuna biyu ne. Kwamiti ya riƙa tanadin magani kafin ranar karo, kuma malamin asibiti ya faɗi wanda za a ba, ba mai mota ba. Sannan bayan cirar albasa a sake haɗa ni da Sahabi a fili, kowa da lafiyarsa. Ba kekensa nake so ba. In ya ka da ni, ni da kaina zan saɓa shi a kafaɗa in zaga da shi gaban jama'a.

Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi sa ka gama shugabancin nan babu haƙƙin kowa a wuyanka.

Wassalam.

Bawa, ɗan kokawa,
daga bakin ruwa, ƙasar Ngaski.