Rasuwar Injiniya Wiebren Haitsma a Sashen Tururi

Cikin alhini da nauyin zuciya, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Tashar Lantarki ta Aldewier suna sanar da jama'a mummunan labarin da ya riske mu, na rasuwar Babban Injiniyan Sashen Tururi, dattijonmu Wiebren Haitsma, ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, yana da shekara sittin da ɗaya. Uwargidansa, Madam Aukje, abu ɗaya ta roƙa kafin a binne shi: a gaya mata wanda ya tura shi inda ya mutu.

Shekara talatin da biyu marigayin ya yi yana kula da injin tururi, wanda ke juyawa da zafin da injin gas ya fitar don kada ya tafi a banza. Mutum ne mai taurin kai, ga faɗa, Allah ya sani, amma kusan dukkanmu a hannunsa muka koyi aiki. Shi ya koya mana cewa idan bututu ya tsage ba a ganin tururin, fito kawai ake ji, shi ya sa ba ya ratsa tsakanin bututai sai da doguwar tsintsiya a gabansa, domin tururin ya yanke ta maimakon mutum. Muka riƙa yi masa tsiya, muna kiransa mai shara. Bara hukuma ta kwashe tsintsiyoyin, wai na'urori sun wadatar.

Ranar Talata ya shigo ɗakin sa ido ya ce yana jin fito bayan tukunyar tururi ta biyu, a kashe inji. Allon na'urori bai nuna komai ba, gari kuma ana tsananin sanyi, gidaje na buƙatar wuta. Aka ce masa, "Wiebren, kunnenka ya tsufa. Je ka gani da idonka tukuna." Ya tafi hannu rabbana, ba tsintsiya. A can tururin ya yanke shi.

Tun ranar injinan biyu a kashe suke, zaurensu ya yi tsit, amma masu shiga suna rantsuwa har yanzu suna jin fiton. Ni ma ina jinsa, har a kan teburin cin abinci.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Madam Aukje, da 'ya'yansa Rixt da Jelmer, da jikokinsa, muna roƙon Ubangiji ya ba su juriyar wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya a majami'ar garinsu.

Madam Aukje, lauyoyin tashar sun ce kada a ambaci suna. Na kasa. Sunan da kike nema yana ƙasan wannan takarda.

Sa hannu:
Lolke Damstra
Shugaban Ɗakin Sa Ido kuma Kakakin Tashar