Rufin da Ya Ƙi Yin Fari

Ha Sekoala,
Tsakiyar Yuni.

Zuwa ga maigidana Motlatsi, Baban Nthati,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na ramin zinariya a Welkom. Yaya tarin nan naka? Mu nan lafiya lau, sai sanyin hunturun nan namu na Yuni. Nthati tana gaishe ka daga makaranta.

Saƙonka ya iso, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Wai ko wanka muke yi da gas. Ka kuma ce idan tukunyar gas ta sake ƙarewa kafin ƙarshen wata, ƙanwarka Puseletso za ta zo da mota ta ɗauke Inna, mahaifiyarku, zuwa birnin Maseru, a rufe gidan. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Baban Nthati, ba ɓarna nake yi ba. Girki da kashin shanu nake yinsa a waje, hayaƙi yana cin idona, don kawai gas ya tsaya wa hitar da ke ɗumama ɗakin Inna. Na shafa ruwan sabulu a kan tiyo kamar yadda ka ce, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Duk da haka hita tana ci tun safe, kai kuwa in ka matsa taku biyu daga gabanta sai ka ga numfashinka yana fita fari. Jakin tsoho Khoabane, maƙwabcinmu, ya hau dutsen nan da tukwanen gas har ya gane gidanmu, shi kaɗai yake tsayawa a ƙofa.

Na karanta wa mahaifiyarka saƙon. Tana cikin bargo uku da safa biyu, hancinta kaɗai ake gani. Ta ce, "Ki gaya wa ɗan nan, a ɗakin nan na haife shi, ubansa kuma ga shi can kwance a kabari bayan garke. Wa zan bar wa shi? Maseru ta ci kanta!" Ta faɗa da ƙarfi, amma da na juya sai na ga tana share ido da bakin bargo.

Abin da yake ɗaure mini kai, gidan nan na dutse shi ne dai wanda Babanka ya gina da hannunsa, kuma Inna ta ce a da ɗan garwashi kaɗan yake riƙe shi har gari ya waye. Ka ƙara mana haƙuri.

Taka har kullum,
Manthati.

Ha Sekoala,
Farkon Yuli.

Maigidana,

Ina gaishe ka da kewa. Ina fatan jiki da sauƙi. Ajiye duk abin da ke hannunka ka karanta wannan, don na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni garin nan.

Dusar ƙanƙara ta sauka jiya. Da safe na ture ƙofa da kafaɗa, sai na tsaya kawai. Duniya ta ɓace. Babu hanya, babu garke, babu iyaka tsakanin dutse da sama. Shiru ya yi yawa har ina jin bugun zuciyata. Jinkar kowane ɗaki a garin ta yi fari fat, kamar an kifa ƙwaryar nono.

Ina cikin kallo sai na ji Khoabane yana ihu daga ƙofarsa: "Manthati, juyo ki ga baƙinku!"

Na juya. Baban Nthati, rufinmu ne kaɗai bai yi fari ba a duk Ha Sekoala. Kwanon rufin nan da ka sa aka cire jinka aka buga shekarar da aka ƙara maka girma, ga shi nan tsirara, jiƙe sharkaf, tururi yana tashi daga kansa. A samansa kuwa tsuntsaye ne maƙil. Kurciyoyi, gwarare, hankaki, da waɗansu da ban san sunansu ba, sun jeru kafaɗa da kafaɗa sun lumshe ido. Har kyanwar gidan malamin coci tana tsakiyarsu a kwance, ba ta kula su ba, ba su kula ta ba. Sai na ambaci sunan Allah.

Kafin ka ce me, rabin gari ya taru. Khoabane ya riƙe ciki yana dariya. "Kai, Motlatsi ɗan albarka! Yana can ƙarƙashin ƙasa yana fasa dutse don hankaka ya gasa ƙafa. Ni ma a kafa mini tsani in hau!" Matarsa ta ce masa ya hau mana, dama shi ma ba ya tsinana komai a ƙasa.

Na kamo hannun Inna na fito da ita. Ta daɗe tana kallon sama. Can ta ce, "Ashe ba ni kaɗai yake ciyarwa ba."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Wata da watanni ina rarrafe a ƙasa ina neman inda ɗumi yake zurarewa, ban taɓa ɗaga kai ba. Muna hura wuta, tana hawa ta bi ta kwano ta tafi abinta. Ba laifinka nake gani ba. Na tuna yadda mata suka yi guɗa ranar da aka buga shi, da ni a cikinsu.

Yanzu ga maganar da za ta iya ɓata maka rai. Kuɗin gas da ka aiko ban sayi gas da su ba. Tunkiya na saya da dawa, na kira gayya a danƙara mana ciyawa a ƙarƙashin kwano. Lokacin yankan ciyawar jinka ne, kowa yana da dami a ajiye. Idan abin bai yi ba, ragowar da ke cikin tukunya ba za ta kai mu ƙarshen wata ba, kuma na san Puseletso tana hanya. Amma na riga na jiƙa dawar giyar 'yan gayya.

Ka yi mana addu'a,
Manthati.

Ha Sekoala,
Ƙarshen Yuli.

Baban Nthati, abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji shirunka, na san fushi ne. Karanta dai tukuna.

Gayya ta yi kyau. Maza suka gitta sanduna a ƙarƙashin kwano, suka shimfiɗa kara, suka danƙara ciyawa a kai har ba inda yatsa zai shiga. Mata muka kwaɓa laka da kashin shanu muka shafe ta ciki. Kwanonka yana nan, ba wanda ya cire ko ƙusa ɗaya. Khoabane bai ɗaga ko tsinke ba, amma shi ya fi kowa shan giyar dawa, yana zaune yana ba da umarni. Inna ta ce masa, "Kai da jakinka, shi ya fi ka amfani." Mun bar ɗan tsagi a taga saboda iskar hita, kada ka damu.

Da dusar ƙanƙara ta sake sauka na fita da gudu. Rufinmu fari tas, daidai da na kowa. Ban taɓa tsammanin zan yi kuka don gidana ya yi kama da na maƙwabta ba. Hita kuwa yanzu ido ɗaya nake kunnawa, da hantsi in kashe, kuma ragowar gas ɗin nan har yau ita muke ci.

Puseletso ta iso ranar Asabar da aka buɗe hanya. Ta shigo da faɗanta tun daga ƙofa, da kwat da bargo da hular ulu. "Ina kayan Inna? Ni ban zo in kwana a firjin nan ba, direba yana jira!" Na buɗe mata ɗaki. Ta tsaya. Ta cire hula. Ta sauke bargo. Sai na ga ta kafa wa gado ido.

Inna tana barcin rana, bargo ɗaya ne a kanta, ya ma zame gefe. Ƙafafunta a waje, ba safa. Ni kaina rabon da in gan su tun kafin a girbe masara. 'Yan ƙanana ne, Baban Nthati, duk sun tsage, yatsun sun karkace da hawan dutsen nan, kuma tana ɗan motsa su a cikin barci kamar jaririya. Puseletso ta durƙusa ta riƙe ɗaya da hannu biyu. Ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali, "Yaya, da ɗumi."

Ta fita ta sallami direba. Ta kwana biyu da mu, ta koma ita kaɗai.

Ban sani ba ko har yanzu kana fushi. In kana yi, ka taho da shi gida, akwai inda za ka zauna ka yi shi ba tare da ka yi rawar sanyi ba. Inna ta ce in gaya maka ta gode da kwano, wai yanzu ya koyi zama da mutane.

Matarka mai jiran ka,
Manthati.