Sunan da Inno Ba Ta Faɗa

Birnin Tudu

Yaya Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ina Safara'u da yara?

Kayan agajin gwamnati sun iso: shinkafa, tabarmi da kwanon rufi. Mun gode. Sai dai Inno ba ta cin abinci. Tun da ambaliya ta tafi da Yaya Gidaɗo garin fid da shanu, ba ta zubar da hawaye ba. Ka san alkunyar ɗan fari: ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, balle ta yi kukansa. Hadari na haɗuwa sai ta tsaya bakin zaure tana kallon hanyar fadama. Ta rame ƙwarai. Tsoro nake ji, Yaya, kada mu rasa biyu.

Ƙanwarka, Rumaisa.

Talata Mafara

Rumaisa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na bincika a ofishin agaji. Tsarin agajin nan, ciki da rufi ya fi dubawa, amma bana an saka masu kula da damuwa. Ma'aikaciya ɗaya ce, Malama Salma, take zagaya mu da Bakura da Maradun. Na roƙe ta, za ta zo. Ki share tsakar gida, kada ki ba ni kunya.

Ki gaida Inno. Wassalam,
Sharhabilu.

Birnin Tudu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na share tsakar gida, ranka ya daɗe, sai ka kwantar da hankalinka.

Malamarka ta zo, ta tarar da mata cike da gida. A gabansu ta ce, "Inno, kina kewar ɗanki?" Inno ta yi dariya ta ce, "Wane ɗa? Ni lahiya lau nike." Na ji kamar in nutse. Da na raka Malama na faɗa mata al'adarmu, ta ce laifinta ne.

Ranar kasuwa ta dawo, gida ba kowa. Ta zauna tana taya Inno wanke ƙore, ba ta ambaci kowa ba. Can ta nuna jar saniyar nan da ta tsira, ta ce, "Wagga wa ka kiwonta a da?" Inno ta ce, "Wani yaro na." Daga nan ta shiga ba da labarin wani yaro, tun daga yayensa, har la'asar. Malama ta ce za ta riƙa zuwa.

Rumaisa.

Birnin Tudu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Jiya da hantsi an yi ruwa. Inno ta tsaya bakin zaure kamar kullum. Ina ɗaki na ji ta ce, "Gidaɗo." Sau ɗaya, a hankali. Sai kuka.

Na yi kamar ban ji ba. Da rana ta ce in dama mata fura.

Allah ya jiƙansa.
Rumaisa.