Tukunyar da Ta Tsage

Al-Suwaidi, Riyad.

Zuwa ga Yaya Maimunatu,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Jidda. Ya jikin Inna? Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, ina nan daram a bakin aikina, ko da yake saura ƙiris ƙaninki ya dawo gida da jakarsa.

Ranar Alhamis mai kamfaninmu, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, ya shirya mana walimar shinkafar kabsa a masana'anta. Mahaifinsa ya halarta, dattijon da ke yawo da jibgegiyar rigar sanyi a tsakiyar zafin Riyad, yana yi wa injuna sallama ɗaya bayan ɗaya. Injiniyanmu Bature ya dube shi, ya ce "crackpot" ƙasa-ƙasa. Ashe tsohon ya ji. Ya juyo gare ni, da yake ni ne tafinta, ya ce in fassara masa.

Yaya, nan take na shiga tsaka mai wuya. In na faɗi gaskiya, na kai wa mahaifin ubangidana zagi a bainar jama'a. In na yi ƙarya, ɗansa a Ingila ya yi karatu. Ga iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana gab da ƙarewa, kuma sai da yardarsa za a sabunta ta.

Sai na fake da ilimi, wanda kin san Allah bai rage ni da shi ba. Na ce kalma irin wannan ba ta fassaruwa sai an bi tsatsonta. Na bayyana cewa rabinta na farko tsagewa ne, na biyun tukunya, domin Turawan zamanin da suna kiran ƙoƙon kai tukunya. Daga nan na kutsa tarihin ginin tukwane, na ratsa falsafar harshe, na ɓullo ta balagar Larabawa. Shinkafa ta huce. Mai gahawa yana ta cika mini finjali, don na manta a nan sai ka girgiza shi ake daina zuba maka.

Tsohon ya saurara har na gaji don kaina. Sannan ya ce ya gane, mai tsagaggen kai ake nufi, kuma a duk zaman nan bai ga wanda kalmar ta dace da shi kamar ni ba. Aka bushe da dariya, ta Baturen ta fi ta kowa ƙarfi. Dattijon ya gargaɗi ɗansa kada ya kuskura ya rabu da ni, wai ya daɗe bai haɗu da ɗan'uwansa ba.

Ranar Lahadi aka sabunta iƙamar. Sunan dai ya bi ni har bakin masu gadi, amma gara a kira ni tsagaggiyar tukunya a Riyad da a kira ni mai digiri a dakalin ƙofar gida.

Ki gaida Inna da kyau. Wassalamu.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Shakir