Saura Ƙofa Ɗaya a Wadirob ɗin Mama

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ni da Yayata mu daina gaisawa a kan katako.

Ni malamar lissafi ce, amma tun ina jami'a nake kaɗa jita. Bayan rasuwar Mama aka raba kaya, ya rage wadirob ɗinta da ba wanda ya so, don gara ta cinye bayansa da ƙafafunsa. Ƙofofin biyu ne kawai suka tsira. Jan katako ne mai duhu, zanensa yana murɗewa kamar hayaƙi. A gabansu Mama take ninke kaya tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, in ka shigo ta ce gyaran murya take yi. Na ce zan mayar da ƙofa ɗaya jita da hannuna. Yaya ta yi dariya ta ce in ɗauka, don ta san ni da fara abu in watsar.

Ban watsar ba. Baranda ta koma shagon kafinta. Maigidana yana shan shayi da garin katako a kai, iyakarsa ya leƙa kofin ya kalle ni. Na kai ƙofar wurin masu inji suka tsaga min ita falle-falle. Allon bayan jitar ya fito da kyau har sai da na yi hawaye. Gefen ne ya gagare ni, wurin da ake lanƙwasa katako ya yi ƙugu. Ana jiƙa shi ne, a ɗora a kan bututun ƙarfe mai zafi, a riƙa dannawa a hankali. Na danna, ya tsage. Na ɗauko wani, shi ma haka. Haushi ya sa na ci gaba har fallayen suka ƙare.

Ƙofa ta biyu tana gidan Yaya. Da labari ya kai mata sai ta shigar da ita ɗakin kwananta, ta aiko min cewa na ƙona rabona, nata kuwa ko taɓawa ba zan yi ba. Wai har yanzu tana jin turaren Mama a jikin katakon. Maigidana ya ce in sayi wani, wa zai gane? Ni zan gane. Jitar nan sai na gama ta, kuma da katakon Mama. Ta yaya zan shawo kanta? Har na fara tunanin in je in ɗauko ranar da take wurin aiki.

Mai Rabin Jita

*

Mai Rabin Jita, Allah ya ji ƙan Mama.

Maganar ɗaukowa a ɓoye ki cire ta a ranki. Sunanta sata, ko da kina da makullin gidan.

Na sake karanta wasiƙarki ina neman inda kika gwada hannunki a kan katakon banza kafin ki taɓa na Mama. Ban gani ba. Ke da kike koyarwa, ba za ki bar ɗalibi ya fara koyon darasi a ɗakin jarrabawa ba. Katako mai murɗaɗɗen zane ya fi kowanne saurin tsagewa, kuma in bai yi siriri sosai ba, zafi ba ya ratsa shi. Saboda haka da Yaya ta ba ki ƙofar nan yau, gobe da gutsattsari za ki kwana. Ta fi ki sanin haka, shi ya sa ta kulle ɗaki.

Kuma ba rowa take yi ba. Ƙofar nan ce abin da ya rage mata da zai sa ta ji kamar Mama ta fita ne ta dawo. Kin yi abin da kike so da rabonki, ki bar ta da nata.

Amma ban ce ki bar jitar ba, don naci irin naki bai kamata ya tafi a banza ba. Ki sayo katako mai araha, ki yi ta lanƙwasawa kina fasawa har hannunki ya gane lokacin da katako yake shirin miƙa wuya. Daga nan ki nemi ja mai miƙaƙƙen zane ki yi gefen da shi. Bayan jitar na Mama ne, kuma shi ne zai riƙa jingina da ƙirjinki. Fallayen da suka tsage kar ki zubar. Ki yanka su ƙanana ki yi ado kewaye da ramin sauti da kan wuyan jitar. Ki ware gutsure mafi kyau, ki goge shi, ki kai wa Yaya da kanki, ki ba ta haƙuri ba tare da kin ambaci ƙofa ba.

In wata rana ta miƙo miki ita don ra'ayin kanta, sai ki yi jita ta biyu da hannun da ya ƙware. In ba ta miƙo ba, kada ki tambaya.

Allah ya yi wa hannunki albarka, ya bar ku tare, ya kuma ƙara wa maigidanki haƙuri.