Takardar likitan da na karya wa hannu a Idi-Araba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ma ya zaga, na cancanta, amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

A unguwar Idi-Araba da ke Legas aka haife ni, motar haya ta danfo nake ja tun ina saurayi, kuma ni mutum ne mai zafin kai, kowa a tasha ya sani. A gidanmu akwai wani ɗigo-ɗigo baƙi da ke fito wa yara a leɓe da cikin baki. Babanmu yana da shi, yayana da zan kira Yaya Sale yana da shi, ni ne ban gada ba. Hajiyarmu har buɗe bakin jikoki take yi tana dubawa, in ta gani ta yi guɗa ta ce jinin gida ya fito, ni kuma ta zolaye ni wai a bola aka tsinto ni. Ado muka ɗauke shi wallahi. Babanmu ciwon ciki ne ya kashe shi yana da sauran ƙarfinsa, babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ba a daɗe da soja suka miƙa mulki ba Yaya Sale ya fara murɗawar ciki, yana ramewa, idonsa ya yi fari fat. A babban asibitin da ke kusa da mu ya haɗu da wani likita Bayarabe mai bincike, yana ganin leɓensa ya zaunar da shi. Ya ce akwai wani sinadari a cikin ƙwayoyin jiki, sunansa ma da hanta aka laƙaba masa, aikinsa kamar birkin mota ne, shi ke hana ƙwayoyi hayayyafa barkatai. Wai a lokacin ne masana suka fara gano cewa in an gaji lalataccensa sai tsiro ya riƙa fitowa a hanji, ɗigon leɓe kuma alamarsa ce. Ya ɗebi jinin Yaya, ya nemi na sauran 'yan gida, ya rubuta takarda cewa a yi masa aiki kafin hanjin ya naɗe.

To a lokacin gari ya ɗau zafi tsakaninmu da Yarabawa, jita-jita ko'ina, wai ana ɗibar jinin Hausawa ana tsafi da shi. Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ƙwace takardar, na ce wa Yaya in ya sake taka asibitin nan ba ni ba shi, muka yi kaca-kaca har na shaƙe masa wuyan riga, yayana guda. Shi mai sanyin hali ne, ya bar ni.

Ranar da faɗa ya ɓarke a unguwa cikin Yaya ya kumbura, tun safe yake amai. Waje kuwa hayaƙi, harbi, mutane na gudu da yara a kafaɗa, na ga gawar mai shayin layinmu a bakin kwata an sare shi. Wani maƙwabci ashe ya kai wa likitan labari, sai ga shi da hantsi a ƙafa, da farar rigarsa, ya ratso wannan bala'in yana tambayar gidan Sale. Ni ina bakin layi da gora a hannu, idona ya rufe. Na ɗaga murya na ce ga mai shan jinin nan ya zo. Ya ɗaga hannu yana cewa oga tsaya, na sauke masa gorar, na ji ƙashin hannun ya ce ƙas. Mutane suka rufar masa da duka, jininsa har a rigata. Wani Buzu mai gadi ne ya ja shi cikin get ya kulle, shi ma ya sha dutse a ka. Har yau ban san ko likitan ya rayu ba.

Washegari da la'asar Yaya ya cika a hannuna, yana birgima a ƙasa yana kiran sunana. Matarsa tana Agege goyon ciki, Hajiya tana gidan ƙanwarta a Ikorodu, daga ni sai Allah. Na lulluɓe shi da zanin gado na ɗauke shi zuwa masallaci inda aka jera gawarwaki. Aka ga jini a jikina, wani ya ce shi ma sun kashe shi ko, na sunkuyar da kai. Shi ke nan fa. Aka binne su cikin gaggawa, babu wanda ya buɗe shi.

Cikin da ya bari ita ce Ummi, ni na riƙe ta, ni na aurar da ita, Baba take ce min. Tana da ɗigon, ɗanta ma ya fara fito masa. Bana sau biyu ana kwantar da ita, jini na ƙarewa a jikinta, cikin na murɗa mata irin na ubanta sak. Likitan da ke duba ta ya tambaye ta me ya kashe mahaifinta, ta ce kashe shi aka yi. Ya ce yana so a zura mata na'ura a duba hanji, ita da yaron, ran Alhamis ɗin nan. Ummi ta karanto min a waya cewa yanzu bincike a kan sinadarin ya yi nisa, har da kansar huhu da ciwon suga ake dangantawa, kuma in an riƙa dubawa ana cire tsiron da wuri mutum yana iya daɗewa. Ita tana so. Uwarta ce ta kafe, ta ce Sale da ɗigonsa da ciwon cikinsa yana yawonsa sai da aka kashe shi, kuma 'yarta ba za ta kwanta a gaban ɗan waɗanda suka mai da ita marainiya ba, don shi ma wannan likitan Bayarabe ne. Mijin Ummi ya bi bayan surukarsa. Jiya aka kira ni in raba gardama, uwar ta nuna ni ta ce ga wanda ya ɗauko gawar nan, ya faɗa muku da bakinsa. Na ce kaina ke ciwo na tashi na fita, ni da ake tsoron bakina a tasha.

Takardar nan tana ƙasan akwatina, ban taɓa iya ƙona ta ba. In na fito da ita dole in faɗi wanda ya ƙwace ta, da wanda ya tare bakin layi. Hajiya ta tsufa, ba ta gani sosai, kullum sai ta ce ɗanta shahidi ne. Na taɓa tambayar wani malami a kaikaice, ya ce wanda ciwon ciki ya kashe ma yana da ladan shahada. Na ji sanyi saboda Yaya, amma ban iya tambayarsa matsayin wanda ya kori mai magani da gora ba.

Tsoro nake ji jama'a, ba na ɓoyewa. In kira Ummi ita kaɗai in damƙa mata takardar, ko in tara su duka har da Hajiya in faɗa sau ɗaya kowa ya tsine min? Ko akwai yadda zan sa a yi gwajin ba tare da ta san abin da hannuna ya yi ba? Na san in ta ji ba za ta ƙara ce min Baba ba. Amma na riga na ga yadda ciwon nan yake ƙarewa, a hannuna ya ƙare. Yau Litinin. Don Allah ku gaya min ta inda zan fara.