Hoton Inna a Takardar Auduga

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Ya fama da tsadar nan? Mu a Tsanyawa sai godiya.

Kin ce yaranki ba su san fuskar Inna ba. Na ɗauko hotonta guda ɗaya da muke da shi, tana kaɗi, na buga baƙi da fari a takarda mai sheƙi. Sai fuskar ta yi duhu, tsagar kumatunta ta ɓace. Ni da na kafa shagon hoto da gumina, ba zan aiko miki da wata baƙuwa ba.

A Kano mai takardu ya miƙo min wata mai kauri, marar ƙyalli, ya ce, "Malam, da auduga aka yi ta, amma fa da tsada." Na shafa, na ji kamar saɓin audugar da Inna take ba mu riƙo in tana kaɗi. Na saya, gyaran babur ya jira.

Da injin ya turo ta, har furfurar gefen ɗankwali ta fito. Na daɗe zaune ina jiran ta ɗago ta kira sunana.

Direba zai kawo miki. Ku yi mata addu'a, ku sa ni ciki. Gai da kowa.

Ƙaninki,
Sabo